Ƙwanƙwasa Huɗu

Amândio Ferraz, mai ɗinkin raga a bakin kogin Sado,
duwatsun matsarmama suka kawo shi, ba wani abu ba.
Na yi masa tambayoyin da nake yi wa kowa:
Kana shan taba? An taɓa sa ka barcin tiyata?
Haƙoran nan naka ne ko na saye?
Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa su da farce.
Ƙarfe takwas na safe ne, idanunsa biyu tar.
Da takwas na dare na gan shi, da wani mutum na gani.

Na auna maganin sakin tsoka daidai nauyinsa,
kilo saba'in da ɗaya, ko ɗigo ban ƙara ba.
Minti hamsin aikin ya ci.
Likitan fiɗa ya tuɓe safar hannu, ya tafi neman kofi,
ni na tsaya jiran numfashi
kamar mai jiran jirgin fito da bai taɓa makara ba.

Bai zo ba.

Na manna wayoyi biyu a wuyan hannunsa,
na aika wuta sau huɗu ta cikin jijiya.
Sau huɗu ya kamata babban yatsa ya amsa.
Sau ɗaya ya motsa, shi ma da ƙyar,
kamar wanda ya ji sallama cikin barci, ya juya kwanciya.
Na ba da makari. Shiru.
Inji na ɗaga ƙirjinsa, yana sauke shi,
gumi na bin bayana cikin ɗaki mai sanyin ƙanƙara.

A baranda na sami Odete rungume da rigarsa.
Ta ce, "Fatar idonsa ta hagu, in rana ta karkata, sauka take.
Mun ce tsufa ne.
Ya bar cin nama tun bara, wai tauna na gajiyar da shi.
Ran nan ya ce fitilar gaɓa ta zama biyu,
na saya masa tabarau.
Allura kuwa, da yamma zamewa take daga yatsunsa."
Na ce, me ya hana ya gaya mini?
Ta dube ni. "Kin tambaya?
Kuma wa ke zuwa asibiti don ya gaji?"

A tsaye na gane.
Jijiya 'yar aike ce, tsoka gida mai ƙofa dubu.
Dakarun jikinsa sun daɗe suna toshe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya,
ba wanda ya ji ƙarar guduma.
'Yan ƙalilan suka rage, da su yake ɗinki, da su yake haɗiya,
ni kuma na zo da sirinji, na ja su na rufe.

Sai a awa ta bakwai yatsan ya amsa:
ɗaya, biyu, uku,
ta huɗu ta biyo baya tana jan ƙafa.
Na zare bututu. Muryarsa ta fito ta hanci:
"Kun ajiye mini duwatsun?"

Hoton ƙirji ya nuna wanda ke zuga dakarun:
ƙullutu mai girman lemun tsami, lafe bayan ƙashin ƙirji,
a kan taimus, 'yar tsokar da ke aikinta a ƙuruciya,
ta kamata ta motse, ta ƙi.
Na gaya masa sunan ciwon, miyastiniya.
Ya ce ya fi kwalekwalensa tsawo.

Watan Afrilu za a buɗe ƙirjin.
Ni ce zan sake tsayawa a kansa,
da ushirin abin da na ba shi a baya, ko ƙasa da haka,
idona a kan yatsansa.

Jiya wata malamar makaranta ta zo, ƙaba za a yi mata.
Na ɗaga biro sama da goshinta,
na ce ta kalle shi, kada ta ƙifta.
Ta ce, "Har yaushe?"
Na ce, ki dai kalla.
Sannan ki gaya mini yadda kike da yamma.